Amsar Baffa kan al'adar haɗa diyod huɗu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce maigidanka ya hana ka taɓa kayan mutane sai ka haɗa birij, wato abin da ke mayar da wutar AC zuwa DC, da hannunka daga diyod huɗu, alhali ga haɗaɗɗe nan ana sayarwa a Sabon Gari, kana tambaya ko wahalar da yara ce kawai irin ta masu shago. Ba haka ba ne. Yadda aka yi mana ke nan, kuma duk yaron da ya zauna a bencina ta nan ya fara.

Wutar gida AC ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, rediyo kuwa DC yake ci, mai bin hanya guda. Diyod ƙofa ce da ba ta buɗewa sai gefe ɗaya, zoben jikinsa ne ke nuna mafita. In huɗu suka haɗu, biyu su yi aiki a tafiya, biyu a dawowa, wutar ta fito fuska ɗaya. Mai sayen haɗaɗɗe ƙafafu huɗu kawai ya sani. Amma wanda ya lanƙwasa ƙafafun diyod mai lamba 1N4007 ya ɗiga musu dalma da kansa, ranar da ɗaya ya mutu rediyo ya kama ƙugi, ya san inda zai ɗora mita.

Abin da maigidanka yake so ka gani da idonka shi ne lambar da ke jikin taransifoma ba ita ce ke fitowa ba. Mai volt 12, ƙololuwar wutarsa ta kusa 17. Diyod biyun da ke aiki kowanne ya ci 0.7, saura wajen 15.6 a kan kafasita, wadda ke tara wuta ta rage rawarta, in babu lodi ma ta fi haka. Ina yaro na sa kafasita mai volt 16 a irin wannan wuri, wuta ta ɗan hau da dare, ta fashe a gabana, ƙaurin ya cika shago. Tun ranar mai 25 nake sawa. Girmanta ma da lissafi: in kana jan amp ɗaya, mai mikrofarad 2200 za ta bar wutar tana rawa da kusan volt huɗu da rabi, mai 4700 ta rage zuwa wajen biyu. Shi kuma 7812, mai daidaita wuta, sai an ba shi kamar volt 14 kafin ya riƙe 12 tsayayya, shi ya sa muke nema masa taransifoma mai 15. Kar ka ɗora wa 1N4007 abin da ya wuce amp ɗaya. In lodin ya fi haka nemi 1N5408, mai ɗaukar uku.

Akwai al'ada ta biyu da ba ka tambaya ba, ita ce ta fi damuna. A cajar waya da talabijin na yanzu, birij yana zaune kai tsaye a kan wutar 230, babbar kafasitar na riƙe da kusan volt 325, kuma ba ta sakinta don ka zare filogi. Sauke ta da kwan fitila mai zare ko rezista, ba da sukundireba ba, ka auna da mita, sannan ka kai hannu. Hannu ɗaya a aiki, ɗaya a aljihu. Don Allah ɗana, kar ka yi wasa da wannan ko sau ɗaya.

In za ka zo Sallah ka taho da wanda ka haɗa, in duba dalmarka. Ka gaishe min da mahaifiyarka da maigidan naka.

Baffanka