Motar za ka auna, ba tsohon tampol ba

Yarona, jiya da la'asar ka tare ni da tambaya ina kan keken ɗinki, ban samu na ba ka amsa yadda ya kamata ba. Cewa ka yi: "Maigida, tunda Alhaji ya kawo motar da tsohon tampol ɗinta a kai, me zai hana mu warware shi, mu shimfiɗa a kan sabon yadi, mu bi da alli mu yanka? Kuma me ya sa ka sa ni jiƙa sabon yadi a daro tun ba a ɗinka ba, alhali ga ledar da muke yi wa Keke Napep rumfa da ita a ajiye?" Na ji daɗin tambayar, shi ya sa na zauna bayan isha'i na rubuta maka, don ka riƙa komawa kai.

Fara da sanin abin da ke tsaye a ƙofar shagonmu. Land Rover ce ƙirar Series III, wadda aka ƙera a Ingila daga 1971 zuwa 1985, kuma gajeriyar ce, mai lamba 88. Lambar nan ba tsawon rumfa ba ne, tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da ta baya ce, inci 88. Doguwar kuwa 109 ce, kuma bakan ƙarfen da ke riƙe tampol ɗinta uku ne, na wannan biyu. Tun fitowar Land Rover ta farko a 1948 ake yi mata rufin yadi, don haka ba wani sabon abu muke ƙirƙira ba. Masu ƙirar sun riga sun bar mana ƙugiyoyin igiya a jikin bodi da wurin maƙala bakin tampol a saman gilashi. Namu shi ne mu ɗinka abin da zai hau kansu daidai.

To, tsohon tampol. Je ka sake dubansa da safe. Tsakiyar rufinsa ta yi tumbi, don shekara da shekaru ruwan Agusta yana kwanciya a wurin yana jan yadin ƙasa. Gefensa kuma ya ɗage, har igiya ba ta kai ƙugiyar ƙarshe sai da aka ƙara mata guntu. Ga faci uku, kowanne ya tattare yadin da ke kewaye da shi. Wuri ɗaya ya miƙe, wani wuri ya ja. In ka shimfiɗa wannan a kan sabon yadi ka bi da alli, duk larurar da ya tara ka kwashe ka zuba wa sabon tun ranar farko. Amfaninsa a wurinmu ɗaya ne, kuma babba ne: yana nuna mana inda ya fara yagewa. Duba kusurwar baya ta hagu, ka ga yadda ƙarfe ya cinye shi daga ciki. Duba bakin gaba, inda iska ta riƙa dukansa. Waɗannan wuraren ne za mu ninka wa yadi. Saboda haka kada ka yar da shi, rataye shi inda za ka riƙa ganinsa.

Kafin almakashi ya taɓa komai, ƙarafan za mu fara gyarawa. Ka lura an taɓa yi wa bakan baya walda, kuma da na ɗora tef na ga ɓangaren hagu ya gaza na dama da kusan inci ɗaya. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, iskar tayoyi daidai, a ɗaure kowane noti, sannan a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, a sake aunawa ta ɗaya hannun. In awon biyu bai zo ɗaya ba, a kai ƙarfen Panteka wurin maƙera a buɗe shi ko a matse shi. A goge kan waldar ya yi sumul, a shafa fenti. Tsinin walda ƙwaya ɗaya, wanda da ƙyar yatsanka zai ji, ya isa ya huda sabon tampol kafin motar ta je Zariya ta dawo. Kuma kada ka yarda kowa ya ɗauko abin huji ya ƙara rami a bodin nan. Alminiyom ne, ba ya tsatsa, amma in aka ɗaura masa sukurun ƙarfe ruwa yana shiga, sai ka ga farin gari yana fitowa a gindin sukurun, ramin yana faɗi. Mu yi aiki da ƙugiyoyin da muka tarar.

Sai gwaji. Farar leda mai kauri za mu samo, irin wadda ake ganin abu ta cikinta. Gilashin gaban motar nan biyu ne da ƙarfe a tsakani, to wannan ƙarfen shi ne tsakiyarka. Ja zare daga nan zuwa tsakiyar ƙofar baya, ka sa alama a kan kowane baka. Ɗora ledar, ka kama ta da salatif, ka ja ta har ta daina tattara amma kada ta miƙe, sannan ka zana layin kowane ƙarfe da wurin kowace ƙugiya. Gefen dama da ledarsa, na hagu da tasa, kowanne ka rubuta masa suna da kibiyar da ke nuna gaba. Na san za ka ce ai a yanka ɗaya a juya shi ya ba da ɗayan. A sabuwar mota haka ne. Wannan ta haura shekara arba'in tana shiga daji.

Faɗin motar inci 66 ne, yadinmu kuma inci 60, ka ga dole a yi haɗi. Rufi ƙyalle ɗaya, gefe biyu, sai labulen baya. Kada haɗi ya faɗo a tsakiyar rufi inda ruwa ke zama. Sauke shi ƙasa kaɗan da kafaɗar baka, inda ruwa ke gangarewa da gudu. Yadi bakwai na saya, har da na ninki da madauri.

Yanzu maganar daro. Yadin tanti na auduga ne, kuma auduga in ta sha ruwan farko ta bushe, sai ta ja, musamman ta tsawo. Ina da shekara uku a hannun maigidana, Allah ya ji ƙansa, aka kawo mana irin wannan motar, doguwar. Ya yi tafiya ya bar mini aikin. Na yanka yadin yadda ya fito daga kanti, na ɗinka, ya hau ɗas kamar ganga, mai motar ya yaba ya tafi. Ruwa biyu aka yi ya dawo. Labulen baya ya ɗage har kana iya zura tafin hannu tsakaninsa da ƙofa, zobba biyu sun fizge sun bar rami, kujerun baya sun jiƙe sharkaf. Maigidana bai ɗaga murya ba. Ya yanko yadi ɗaya cif, ya auna a gabana, ya tsoma a bokiti, ya shanya. Washegari ya miƙo mini tef ya ce in auna da kaina. Ya ragu da kusan inci guda. Ya ce, "To lissafa a tsawon mota." Daga aljihunsa ya sayi wani yadin, ni kuma na kwana uku ina warware ɗinki. Shi ya sa nake sa ka jiƙa shi ya kwana, ka shanya a inuwa ba tare da ka ja shi ba, ka sake jiƙawa. Gara ya gama jansa a kan igiyar shanya.

Ledar Keke Napep ba abin rainawa ba ce. Tana da araha, ruwa ba ya ratsa ta, tsumma ɗaya ya goge ta, kuma da ita muke ci kullum. Amma Keke a buɗe yake ta ko'ina, wannan kuwa ɗaki ne rufaffe. Ka tuna zafin Maris da Afrilu a garin nan, ka sa mutum cikin akwatin leda a cunkoson Kawo da tsakar rana. Da damina kuma gumi take yi daga ciki, ya riƙa ɗiga a kan mutane ko ba ta yoyo. In hunturu ya shigo sai ta sandare, wurin da ake naɗewa ya fara tsagewa. Babban bambancin yana wurin allura. Ramin da allura ta yi a leda ya zauna ke nan har abada. Auduga kuwa in ta jiƙe kumbura take yi ta matse zaren, ramin ya toshe da kansa. In wani ya zo ya ce leda yake so saboda kuɗinsa, za mu yi masa, mu buɗe ɗinkin, mu shafa gam a cikin haɗi, mu kuma gaya masa gaskiyar abin da zai tarar. Alhaji ya ce yana son motar ta koma yadda ya san ta a hannun mahaifinsa, kuma wannan yadin tanti ne.

Zare kuma, kada ka kuskura ka ɗauko na nailan da muke ɗinka kujeru da shi. Yana da ƙarfi a hannu, amma rana tana cin sa, sai ka ga yadi lafiya lau, ɗinki yana zubewa kamar gari. Na foliyesta mai kauri za ka sa, sama da ƙasa iri ɗaya, kada ka cika kwarkwaro da wani daban don tsimi. Allura lamba 22, sabuwa, kuma mai tsini zagayayye, ba mai bakin wuƙa ta aikin fata ba, don waccan yanka zaren yadin take yi. Ɗinki biyar a inci ɗaya ya isa. In ka matse shi, ka jera ramuka ne kusa da kusa, iska ta zo ta yage bisa layin. A babban keken nan mai ƙafa biyu za ka yi, wanda ke jan sama da ƙasa tare. Butterfly ɗin da ka koya a kai ba za ta hau ninki shida ba, kuma ko ta hau, ƙyallen ƙasa zai riga na sama isa ƙarshe.

Haɗin kansa, ɗaga kai ka kalli kwanon shagonmu. Na sama ne ke hawa kan na ƙasa. Haka rufi zai hau kan gefe, bakin haɗin yana kallon ƙasa. Inda haɗi ya tsaya a tsaye, na gaba ya hau kan na baya, don iska da ruwa daga gaba suke zuwa, su bi ta kai su wuce. Bar inci ɗaya na kalmasa, ka lanƙwasa bakin ciki, ka bi da layi biyu. Sa alamar alli duk bayan taƙi ɗaya a ƙyallayen biyu, ka tabbata alamomin suna haɗuwa kana tafiya. Naɗe yadin da ke hannun dama ya shige ƙarƙashin wuyan keke, ka kira ƙaninka ya riƙe maka nauyin a kan tebur, don in ya rataya zai karkatar da allura ta karye.

Tagar roba akwai dabara a cikinta. Kada ka fara yanka rami. Ɗora robar a kan yadin yana cikakke, ka ɗinka ta kewaye, sannan ka juya ka yanke yadin da ke tsakiya a hankali, ka kalmashe bakin ka sake bi. In ka fara da rami, bakinsa zai saki, tagar ta fito a murguɗe. Kusurwoyin su zama zagayayyu.

Zobban igiya na tagulla za mu sa, ba na ƙarfe mai walƙiya da ke zubar da jan tsatsa a damina ɗaya ba, kuma kowanne a kan ninki uku. Ba za mu buga su ba sai tampol ya hau mota mun ga inda ƙugiya take da idonmu. Zif kuwa ba na son shi a wannan aikin, ƙurar hunturu tana kashe shi. Madauri da igiya ko a ƙauye suka tsinke, mai mota zai gyara da kansa.

Akwai abu biyu da za ka faɗa wa Alhaji ranar da zai karɓa, ko ina nan ko ba na nan. Kada ya naɗe labulen baya kaɗai ya bar gefe a rufe yana tafiya, domin iskar bayan mota tana juyo da hayaƙin salansa ta cusa shi ciki, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari, sai dai yara su fara ciwon kai da gyangyaɗi. In zai buɗe baya, ya buɗe gefe ko ƙofofin iskan da ke ƙarƙashin gilashi. Na biyu, bakan nan tampol kawai suke riƙewa. In mota ta kife, Allah ya kiyaye, ba za su tare kowa ba, don haka kada a ɗora musu kaya, kada kuma a bar yara su riƙa lilo da su.

Ranar ɗorawa da rana tsaka za mu yi, yadi ya yi laushi. Gaba za mu fara maƙalawa, mu ja zuwa baya, sannan gefe, hagu kaɗan dama kaɗan. Daga nan ka shiga ciki ka zauna, ni in sakar masa ruwa da tiyo. Za ka ga ɗigo a layin ɗinki, kada hankalinka ya tashi. Mu bar shi ya bushe a kan motar, mu sake jiƙawa, sau biyu ko uku, zai rufe. Inda ya ƙi, mu goga masa kakin zuma ta ciki.

Gobe in Allah ya kai mu ka riga ni zuwa. Taɓa yadin ka ji, in ya bushe ka sake tsoma shi. Kwance bakan baya, ka zuba notocin a gwangwani kada su ɓace, ka jingine shi a bakin ƙofa, da shi za mu wuce Panteka kafin rana ta yi zafi.