Amsa: Shin za a kama yarinyar idan aka kai ƙara?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce 'yar maƙwabciyarku mai shekara 15 wata mata ta tafi da ita birni da sunan aikatau, ashe karuwanci ta saka ta, yanzu iyayen suna tsoron kai ƙara kada a kama yarinyar. Allah Ya saka mata.

Ki kwantar musu da hankali, a idon doka ita ce aka zalunta. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasa, ke aiki da ita, ta haramta saka duk wanda bai kai shekara 18 ba cikin karuwanci, hukuncinsa ɗaurin aƙalla shekara 7 da tara. Ko da matar ta ce ai yarinyar da kanta ta yarda, wannan ba hujja ba ce. Yarjejeniyar Palermo ta 2000, ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan safarar mutane, wadda Najeriya ta amince da ita, ba ta ɗaukar yardar ƙaramin yaro a bakin komai. Dokar 2015 ɗin ta kuma tanadi a ɓoye sunan yarinyar, a ba ta mafaka da magani, tana iya neman diyya.

Su je ofishin NAPTIP, akwai a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Kada su goge saƙonnin waya ko shaidar turo kuɗi, a kuma kai ta asibiti da wuri.

Abin da na fi roƙo shi ne kada a yarda da sulhun cikin gida don gudun abin kunya. Matar da aka rufa wa asiri gobe wani ƙauyen za ta nufa. Yarinyar kuma a ja ta a jiki, a daina yi mata gori.