Kishi ne ya kashe Desdemona ko wariyar launin fata?

Ɗan'uwa, tambayarka kan wasan kwaikwayon Othello na Shakespeare, wai wanne za ka rubuta a jarrabawa, kishi ko wariya, ni dai a ganina ba a raba su.

Othello baƙar fata ne, shugaban soja, Desdemona kuma matarsa ce. Iago, wani sojansa, ya ƙullaci Othello ne don ya ba wani soja mai suna Cassio muƙamin da Iago yake hari, sai ya sa masa zargin cewa Desdemona na cin amanarsa da Cassio. To amma da me ya kama shi? Tun a birnin Benis baban Desdemona, Brabantio, ya ce ai sai dai asiri aka yi wa 'yarsa, in ba haka ba me za ta yi da baƙar fata, kuma wannan maganar Iago ya riƙa sosa wa Othello a tsibirin Saifurus har shi Othello kansa ya fara yarda bai kai a so shi ba. Hankicin Desdemona da Emilia, matar Iago, ta tsinta ta ba mijinta ya mai da shi shaidar cin amana, ƙarashe kawai ya yi.

Kuskuren da ɗalibai ke yi shi ne su ce Desdemona ta ci amana. Wallahi ko kusa. Wasu kuma su wanke Othello tas, alhali shi ya shaƙe ta.

Turancin wajajen 1604 ne, akwai wuya, ka zauna da malaminka na adabi ku bi fitowa ta 3 a hankali.