Ga ɗan'uwa mai fama da zawo bayan cin abinci

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Ka ce sati uku ke nan, da ka ci abinci sai zawo kamar ruwa. Wannan ya wuce laifin yajin shito. Mai yiwuwa madara ce ko nono da ciki ya kasa narkarwa, ko ƙwayar cuta daga gurɓataccen ruwa. Bar fura da nono na sati ɗaya ka gani.

Juye ruwan leda biyu, lita 1 ke nan, ka zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, ka riƙa kurɓa. Sha koko marar yaji.

Amma don Allah je asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi a gwada bayan gidanka, balle in ka ga jini ko kana ramewa.