Amsa ga ƙanwata mai shirin tahowa Bronx karatu

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin bizarki ta zama dindindin ta fito, za ki taho wajen maigidanki a Bronx, cikin birnin New York. Allah ya kawo ki lafiya. Kin ce kin duba kwasa-kwasan kwalejin al'umma, uku sun tsaya miki a rai: koyar da ƙananan yara, tattalin arziki, da gajerun kwasa-kwasan shirin aiki, kina so in zaɓa miki ɗaya.

Kafin zaɓi, ki san irin makarantar. Karatun shekara 2 ne, kiredit kusan 60 (kiredit shi ne ma'aunin darussan da ɗalibi ya ci), a ƙarshe a ba ki ƙaramin digiri. A Bronx akwai guda biyu a ƙarƙashin jami'ar birni ta CUNY: Hostos da ke kan titin Grand Concourse, da Bronx Community College. Mazaunin birni yana biyan dala 2,400 a zango, wanda ba mazauni ba kuma dala 320 kan kowane kiredit. Ba a lissafa ki mazauniya sai kin cika wata 12 a jihar New York. Don haka kada zumuɗi ya sa ki yi rajista mako biyu da saukarki. Ki yi haƙuri shekarar ta zagayo, ki gyara Turancinki da lissafi, sannan ki cike FAFSA, takardar neman tallafin kuɗin karatu. Mai katin zama yana da damar samun tallafin Pell na gwamnatin tarayya da TAP na jiha, abin da ɗalibi mai bizar karatu ba ya samu.

Ni dai karatun yara na yi, shi nake ci har yau, kuma shi zan ba ki shawara tunda kin koyar a nazare a gida. Amma ki cire tunanin cewa raino ne kawai. Za a koya miki yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma tun daga haihuwa zuwa shekara 8, yadda ake gane yaron da maganarsa ta yi jinkiri, yadda ake tsara darasi ta hanyar wasa da yashi da ruwa da waƙa. Za a tura ki aji ki zauna kina kallon yaro ɗaya kina rubuta duk abin da ya yi. Abin da ya fi ba ni wuya da farko shi ne horo. A nan babu bulala, babu ranƙwashi, ko tsawa mai ƙarfi tana iya raba ki da aiki. Kuma doka ta ɗora wa malamar yara nauyin kai rahoto idan ta ga alamar ana cutar da yaro a gida, ko da iyayensa 'yan garinku ne kuna haɗuwa a masallaci. Wannan yana da nauyi a zuciya, gara ki sani tun yanzu. Kafin a ɗauke ki aiki za a ɗauki hoton yatsunki a binciki tarihinki, ki kuma koyi taimakon gaggawa.

Aiki akwai shi. Tun 2014 birnin ya buɗe ajin share fage kyauta ga 'yan shekara 4, daga baya aka ƙara na 'yan shekara 3, ga kuma cibiyoyin Head Start na yaran iyalai masu ƙaramin ƙarfi. Sai dai albashin mataimakiyar malama kaɗan ne idan aka auna da kuɗin haya. Wadda ke riƙe aji a makarantar gwamnati sai ta yi cikakken digiri na shekara 4 ta sami lasisin jiha. Nan ne na yi kuskure, a wata jiha kafin mu dawo New York. Ban tambaya ba na shiga layin da aka tsara don fita aiki kai tsaye, mai suna AAS. Da na tashi ci gaba, kiredit ɗina da yawa ba su bi ni ba, sai da na maimaita darussan da na riga na ci. Ran da kika zauna da mai ba ɗalibai shawara, ki tambaye shi ƙarara: idan na gama, kiredit nawa Lehman College, kwalejin CUNY mai ba da cikakken digiri a Bronx, za ta karɓa? Ki sa ya nuna miki a rubuce.

Tattalin arziki kuwa, shekara 2 kaɗai ba ta ba mutum aiki da shi. Matakala ce zuwa jami'a, kuma tana son lissafi sosai, aljabara da ƙididdiga. Idan kina jin daɗinsu kuma maigida zai iya riƙe gida shekara 4, bismillah. In ba haka ba, ki ɗauki darasi ɗaya a cikin na zaɓi, zai taimake ki ranar da kika buɗe gidan rainonki.

Gajerun kwasa-kwasan nan, irin kula da tsofaffi a gida ko ɗibar jini a asibiti, makonni ne ko 'yan watanni, kuma da su 'yan'uwanmu mata da yawa suka fara. Galibinsu ba sa ba da kiredit. Idan kina son abin riƙewa a shekarar jiran nan, ki nemi CDA, shaidar ƙwarewa a aikin kula da ƙananan yara: awa 120 na horo da awa 480 na aiki da yara.

Ki taho da ainihin takardar WAEC ɗinki, da sakamakon NCE a rufe da hatimin makaranta, da katin rigakafin ƙyanda, domin ba a barin ɗalibi ya zauna aji sai da shaidarsa. Neman su daga nan wahala ce. Ki gaida Inna, ki ce ta sako mini daddawa da kuka a jakarki.