Baba Ya Ƙi Yarda a Yi Masa Kemo, Shin Ya Yi Laifi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu dattijo ne, kansar prostate (wata gaɓa ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara) ta kama shi har ta shiga ƙashi. An daɗe ana yi masa allurar da ke danne sinadarin mazakuta, yanzu likita ya ce cutar ta daina jin ta, awon PSA, wato gwajin jinin da ake bin diddigin cutar da shi, sai hawa yake yi. An ba da shawarar kemo (magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin kansa), Baba ya ce a ƙyale shi. Yayanmu ya ce wannan kashe kai ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi sauƙi, Ya sa kaffara ce.

Neman magani shari'a ta zo da shi, kamar yadda hadisin Usama bin Sharik ya tabbatar a wajen Abu Dawud da Tirmizi. Sai dai hukuncinsa ba ɗaya ba ne. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce yana wajaba idan barinsa zai halaka rai ko gaɓa, yana zama makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi cutar, kuma ta sharɗanta yardar majinyaci mai cikakken hankali.

Cutar da ta kai wannan mataki, magungunanta irin su docetaxel da abiraterone da enzalutamide ba sa warkarwa. Suna rage mata gudu ne, galibi su ƙara wasu watanni da izinin Allah. Don haka Babanku bai yi zunubi ba, kuma yayanku ya janye wannan kalma, tana da nauyi. Amma ku koma wurin likita tare, domin biyun ƙarshe ƙwayoyi ne na sha, ba kemo ba, wataƙila Baba ya karɓa idan aljihu zai ɗauka. Kada ku dakatar da allurarsa da kanku.

Abin da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne a bar tsoho yana juyi a kan tabarma saboda zogin ƙashi, wai haƙuri. Mofin, maganin kashe zogi mai ƙarfi, halal ne don lalura bisa umarnin likita, haka gasa ƙashin da hasken na'ura, wato radiotherapy. Idan ƙafafunsa suka fara rauni da nauyi, ko fitsari ya tsaya, ku kai shi asibiti ranar, kada a kwana, domin nan ana maganar ceton gaɓa ne, kuma magani ya wajaba.

Idan an sa masa robar fitsari, hukuncinsa na mai yoyon fitsari ne. Ya yi sallarsa a zaune ko a kwance, yadda ya iya.

Wallahu a'alam.