Maigidana ya dage sai fiya-fiya, ga yaro yana tari

Assalamu alaikum Anti,

A gidan haya nake a Kano, mu huɗu ne masu ɗaki, tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya. Tunda damina ta kankama muka rasa sukuni. Da magariba sauro, da an kashe fitila kuma kyankyasai su fito daga salga har cikin kwanukana. Ɓeraye sun huda buhun masara, sabulu ma ba su bari ba. Shekaranjiya ina ɗaga tabarma sai ga kunama.

Maigidana ya sayo fiya-fiya, kullum bayan isha'i sai ya yayyafa a lungunan ɗaki ya rufe ƙofa da taga, jim kaɗan mu shiga mu kwanta. Yarona ɗan wata 9 yana rarrafe, ga shi ya fara tari da dare, idonsa na ruwa. Da na yi magana sai ya ce shi ma da ita aka rene shi, in zaɓa ko wari ko maleriya. Yanzu kuma zancen shinkafar ɓera yake. Ba na son jayayya da miji, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Ƙanwarki a Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata,

Gaskiya tana wajenki, kuma daga daren yau a daina. Fiya-fiya haɗin gida ce da ake ɗurawa a kwalba ba suna ba awo, galibi da sinadarin dichlorvos, maganin ƙwarin gona. Saboda haɗarinsa ne NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni tun 2019. Babba yana tsaye, yana shaƙa ya wuce. Ɗanki kuwa a ƙasan da aka yayyafa yake yawo, ya dafa da hannu ya kai baki. Ki kai shi asibiti kan tarin nan, ki tafi da kwalbar su gani. In kika taɓa ganin miyau na dalala fiye da kima, amai, ko numfashi da ƙyar, ki fito da shi iska, ki cire masa kaya ki wanke jikinsa da sabulu, sai asibiti. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Shi maigida ba mugunta yake yi ba, tsoron zazzaɓi yake, kuma tsoron nasa a kan hanya yake. Don haka kada ki tare shi da "ka daina" kawai, zai ji kamar kin ce a bar wa sauro ɗansa. Ki rigaye shi ɗaura gidan sauro mai magani tun kafin isha'i, ki cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. In sabo ne, ki fara shanya shi a inuwa kwana ɗaya. Idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina suka zo ƙofar gida, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ki karɓa, ki kuma cika kwana ukun da ake shansa. In ya ƙi ji daga bakinki, ku je asibitin tare. Maza kan ji daga ma'aikacin lafiya abin da suka ƙi ji daga matansu, haka Allah ya yi su.

Sauran kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓera ramin da babban yatsanki zai shiga ya ishe shi. Ki bi gindin bango, bayan gado, ƙasan ƙofa da inda kwata ta fita, ki cusa soson ƙarfe a liƙe da siminti. Masarar ta koma cikin durom ko bokiti mai murfi, kwanuka kada su kwana da miya. Tarko ya fi shinkafar ɓera a gidan da ke da mai rarrafe, ki ɗana shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Mushen kuma da leda ake ɗauka, don ɓera na ɗauke da zazzaɓin Lassa. Salga a yi mata murfin da ya zauna daram. Kunama tana bin sanyi da tarkace, sai ki ɗaga icce da kayan shirgi daga jikin bango, ki riƙa kakkaɓe takalmi da shimfiɗa.

Sauro ne ba za ki iya ke kaɗai ba. Ƙwansa na zama sauro cikin kwana 7 zuwa 10, kuma ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya, gwangwanin tumatir ko fasasshen tulu ya wadace shi. Ki ɗebo ruwan tayar nan a kofi ki nuna wa matan gidan 'yan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil a ciki, ya fi dogon wa'azi. Ku tsayar da rana guda a mako ta kife duk abin da ya tara ruwa, mazan su yashe kwata. Siminti da murfin salga kuwa haƙƙin mai gidan hayar ne, ku je masa ku huɗun tare.

Antinku